Ɗakin da ke Bayan Famasi

Bayan famasi akwai wani ɗaki,
da can wurin jibge tsofaffin fayiloli ne.
Yanzu tabarma biyu, da matashi ɗaya kewayayye kamar faifai,
da taga mai duban fitilun Tudun Wada.
Mu uku muke raba shi. Ba mu taɓa rubuta doka ba.

Ni Dija, mai aikin dare a ɗakin haihuwa,
nakan shigo da carbina bayan lisha.
Sista Rifkatu 'yar Kaltungo takan zo da Zabura,
leɓe kawai take motsawa, kamar mai tauna aya a ɓoye.
Sai Dakta Sunil, mutumin Siri Lanka,
ya tanƙwashe ƙafafu, baya a miƙe kamar taɓarya,
wai kiwo yake yi.
Na ce, Dakta, ina akuyar?
Ya ce, zuciya ce akuyar, numfashi kuma turke.

Shi ya fara ɗiga wa ƙofar man keke
don ta bar kukan da take yi in an tura ta.
Takalmansa can lungu, kada wani ya yi tuntuɓe.
Bai taɓa gifta gabana ina salla ba,
ban san wa ya gaya masa ba,
na dai tarar ya janye matashinsa daga alƙibla.

Sai na fara jin carbina da kunnen wani:
ƙas, ƙas, ƙas, kamar ɓera a rumbu.
Na maida shi jaka,
na koma ƙirga da gaɓoɓin yatsu yadda kakata ke yi.
Rifkatu kuwa wayarta a bakin ƙofa take kwana,
a kashe, cikin takalmi.

Ran nan, tsakiyar damina,
sauro ya sauka a wuyan hannuna.
Tas!
Ɗakin ya amsa kamar an fasa tulu.
Rifkatu ta cusa baki cikin Zabura, kafaɗunta na rawa.
Shi ko ido bai buɗe ba.
Ni da na taɓa ganinsa ya kife kyankyaso da kofi
ya kai shi gindin dalbejiya kamar mai raka baƙo,
na dubi jinin da ke tafina, kunya ta rufe ni.

A baranda na tare shi da tsiya, don in rigaye shi:
Dakta, zazzaɓin cizon sauro fa? Ba kai ke rubuta magani ba?
Ya yi dariya. Ya ce cikin alkawura biyar
da mabiya Buddha ke ɗauka,
na farko shi ne kada ka raba mai rai da ransa.
Amma ni na ɗauka, in ji shi,
ban ɗora wa kowa a ka ba.

Washegari na ga raga a taga,
ƙusoshin a karkace,
babban yatsansa naɗe da filasta.

Daren da mai naƙuda ta cika a hannuna,
yarinya daga Bajoga, jini ya ƙi tsayawa,
na shigo ban iya ƙirga komai ba.
Kuka na yi, mai sauti, mai majina.
Ba wanda ya ce in yi haƙuri.
Rifkatu ta rufe littafinta ta matso har gwiwarmu ta haɗu.
Shi ya zauna inda yake, yana numfashi a hankali,
har nawa ya bi sahun nasa
ban san lokacin ba.

Kwantiraginsa ya ƙare bayan babbar salla.
Ya bar matashin. Ba ma zama a kai,
Rifkatu dai kan kakkaɓe shi ran Talata.
Wata sabuwar likita ta fara shigowa,
ba ta karanta komai, rufe ido kawai take minti goma.

Shekaranjiya ƙofar ta soma kuka.
Na biya ta tsohuwar kasuwa wajen mai gyaran keke,
ya zuba mini na ɗari biyu a kwalbar sirop.